Shekarar da Na Zama Madubin Babanku

Gaban rigarsa na fara gani. Da hantsi ne, na kai masa fura gindin rumbu, na durƙusa ina jiran ƙwarya, idona a inda ya saba tsayawa, tsakanin hannunsa da ƙirjinsa. Sai ga fura tana gangarowa, siririn farin layi, tana jiƙa bakin aljihu. Babanku kuwa mutum ne mai tsabtar ci, ko ɗigo ba ya zubarwa. Na ɗaga kai kaɗan, abin da ban saba yi ba. Bakinsa ya janye dama kamar an ɗaura masa zare ana ja, gefen hagu ya zube. Tsagen Gobir da ke kuncinsa, waɗanda suka tashi daga gefen baki suka nufi kunne, sun sunkuya kamar karan da ruwa ya kwantar. Idon hagu a buɗe, ba ya ƙiftawa. Shi bai ma sani ba. Da ya ga ina kallonsa ya ce,

"Lahiya?"

Kalmar ta fito a murguɗe. A nan ya ji, ya kai hannu ya taɓa.

Wannan ita ce shekarar da gwaggonku Hajo take kira shekarar wahala, na kuma ji kuna maimaitawa. Ko bara da muka ratsa Madawa a mota, Zainabu ta dafa ni ta ce, Allah sarki Inna, nan kika sha wuya da Baba. Na yi shiru don motar cike take da mutane. Yanzu da na zauna rubutun nan zan faɗa muku yadda abin yake, in kun ga dama ku yi mini dariya.

Ku kun tashi da waya a hannu, kuna ɗaukar hoto da mazajenku kunci a jikin kunci. Mu a Babankatami ba haka aka raine mu ba. Mace ba ta kiran sunan miji, ba ta ci da shi, ba ta zama kusa da shi da rana, in yana magana idonta na ƙasa. Na haifa masa ku uku ban taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba. Na san tafiyarsa, na san tarinsa daga bayan danga, amma da an ce in faɗi wane gefen gemunsa ya fara furfura da ban iya ba. Sauran matan gidan abin bai dame su ba. Ni ya dame ni, kuma littattafai ne suka ja mini. Na yi ƴan shekaru a lakwal, makarantar boko, kafin aure, yayana mai kai albasa Sakkwato kuwa duk zuwa sai ya riƙo mini littattafan soyayya na kasuwa, masu hoton fure a bango. Ina ɓoye su cikin kwallar da ke ƙasan jere. A cikinsu kullum saurayi na kallon budurwa cikin ido har ta ji gwiwarta ta saki, miji na zama gaban matarsa yana tambayarta me take tunani. Nakan rufe littafi in fito tsakar gida in tarar da turmi na jirana. Babanku bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Abu ɗaya na rasa, kuma ba abin da ake kai ƙara a kansa ba ne. Ina so in zauna gabansa da rana tsaka, in kalle shi, ya kalle ni.

Kakarku, uwarsa, da ta ga bakin ba ta yi shakka ba.

"Marin iska na," ta ce. "Sau nawa nac ce ka bar kwanciya ƙarƙashin tsamiyar ga ta gona?"

Aka yi turare, aka sha rubutu, aka shafa abin da aka shafa. Bakin na nan inda yake, idon ya yi ja kamar gauta don ba ya rufuwa. Babanku ya daina fita majalisa, ya naɗe rawani har hanci kamar Buzu. Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu, shi ya duba shi ya ce jijiyar fuska ce ta kwanta, a tafi Madawa, akwai wata mata da ke tada irinta da kuran, wato wutar lantarki. Tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Kuran? Wanda ka kashe mutane bisa itacen waya?"

Ta yarda daga baya saboda idon, amma sai da ta rantsar da shi kan abu ɗaya: kada ya kuskura ya dubi madubi, don wanda iska ta mara in ya ga fuskarsa a karkace, haka za ta tabbata. Saura wanda zai raka shi. A al'ada ƙanensa ne, to ruwan shuka ya sauka, ba namijin da zai bar gona. Shi ma, na fahimta daga baya, ba ya son namiji ya ga yawu na zubo masa. Aka bar ku wurin gwaggonku, na ɗaura ƙunshina, littafi ɗaya a tsakiyar zannuwa.

Matar da ke wannan aiki a likitar Madawa Bazabarma ce, Madam Fati, doguwa, Hausarta a karye, bakinta ba ya hutawa. Tana kwance masa rawani ta ga tsagen Gobir, sai ta tafa hannu, don kun san wasan da ke tsakaninsu.

"A'a, yau bawana ya kawo kanshi har gida. Bagobiri, tuwon wa ka sata anka mare ka haka?"

"Ba dai na Bazabarma ba," ya ce da rabin baki. "Ba ya satuwa."

Ban taɓa jin ya yi wasa da mace ba sai ranar. Ta zaunar da shi a kujera, ta jawo wani akwati kamar rediyo mai waya biyu. Ɗaya ta ƙare da ɗan faranti naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ɗaura masa a bayan wuya. Ɗayar kamar alƙalami ce mai auduga a baki, ta tsoma ta cikin ruwan gishiri. Ta ce naman fuskar na da rai, jijiyar da ke ba shi umarni ce ta yi barci, kuran zai riƙa motsa naman kada ya shanye kafin ta farka. Ni na raɓe bayan ƙofa. Ta juyo.

"Ke amarya, bango kika zo jinya? Zo nan gabanshi, riƙe mini haɓarshi, kar ya gudu."

Na zo na tallabi haɓar babanku. Ta ɗora audugar a goshinsa ta murɗa wani ɗan maɓalli, girar da ta mutu ta yi tsalle. Ta sauko gefen hanci, ya motsa. Da ta kai gefen baki, sai leɓen ya ɗaga sama, tsagen suka miƙe suka koma wurinsu, ga babanku yana yi mini murmushi, fuskarsa kusa da tawa har ina jin numfashinsa. Ta ɗage audugar, murmushin ya faɗi. Ta mayar, ya dawo. Na san murmushin na pil ne, batirin akwatin, na san da Madam ce a gabansa ita zai yi wa. Duk da haka na fito daga ɗakin ban san inda na ajiye takalmina ba.

Kuran kaɗai ba ya isa, in ji ta. Kullum a gida sai ya zauna gaban madubi yana gwada ɗaga gira, rufe ido, kumbura kunci, yaƙe haƙora. Ta miƙa masa madubi, ya kau da kai ya faɗi rantsuwar da ya yi wa tsohuwa. Madam ta dube shi, ta dube ni.

"To ga wani madubi nan ka saya da sadakinka. Ita ta yi, kai ka kwaikwaya. Ita ta gaya maka in ya motsa. Ke kuma ki duba da kyau. Ranar da kika ga gefen nan ya motsa da kanshi, ba kuran, ki zo ki faɗa mini, in sallame ku. Saura a gida za ya warke."

Mun sauka a gidan wani dillalin albasa, abokin yayana, aka ba mu ɗaki ɗaya a bayan gida, kusa da rumfar da ake shanya albasa. Har yau in na ji warin albasa mai shan rana sai zuciyata ta yi wani iri. Ba mai saninmu a garin, ba tsohuwa, ba majalisa. Da safe mu tafi likita, shi a gaba ni a baya, mu ratsa tasha da hayaniyar kabu-kabu. Bayan azahar in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, mu zauna gwiwa da gwiwa. Kwanakin farko idona ba ya tsayawa, sai ya zame zuwa ƙirjinsa, shi ma yana kallon bayan kaina. Amma ba a yin aikin haka. Sai na ɗaga gira ya gani kafin ya gwada, sai na zuba wa kuncinsa ido kafin in ce ya motsa ko bai motsa ba. A hankali muka saba. In mun gama in lakaci man kaɗe in murza masa, daga gefen baki zuwa kunne, ina bin tsagen ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin kunya a gona. A nan na san fuskar mijina. Akwai ɗan tabo a ƙarƙashin girar dama, ya ce jaki ne ya yar da shi yana yaro. Idonsa ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne, in rana ta shiga ciki. Furfurar ta gefen hagu ta fara. Da yatsana nake saukar masa fatar ido bayan na ɗiga magani. Tuwo na maƙale masa a kunci, don haka kunu nake dama mana, kwanon kuma ɗaya ne, ba wanda ya ce komai a kan haka.

Wata rana ina murza masa, ya ce ba tare da ya buɗe ido ba,

"Wanga littahi da kike ɓoyo cikin zanne, irin na cikin kwalla na?"

Hannuna ya tsaya. Ashe ya sani tun can.

"Irinsu na," na ce.

"Mi ac ciki?"

"Labarin mutane."

"Suna noma?"

"A'a."

"Hwatauci?"

"Wasu. Ba a cika hwaɗi ba."

"To mi suka yi wuni guda?"

Na ce, "Suna zamnawa suna kallon juna."

Na ɗauka ya yi fushi. Can ya ce,

"Ashe mu ma mun shiga littahi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A littattafan da na karanta namiji kan cika shafi biyu da zance. Ni wannan aka ba ni, kuma na riƙe.

Damina ta yi nisa muna Madawa. Duk hadarin da ya taso daga gabas sai babanku ya fita ya tsaya yana dubansa, hannu a baya. Masu zuwa kasuwa daga garinmu suka kawo labari cewa haki ya ci ƙarfin ƙanensa, gonar tudu ko noman fari ba a gama ba. Ya rage cin kunu. In mun zauna a tabarma yana yin abin da na yi, amma na ga hankalinsa na can cikin gero. Ya tambayi Madam yaushe, ta ce ta tambayi madubinsa.

Ranar da abin ya faru, kumbura kunci muke yi. Na cika bakina da iska, sai akuyar masu gida ta leƙo ta bayan kafaɗarsa ta tsaya tana kallona, iskar ta kufce mini da wata irin ƙara. Babanku ya yi dariya. A cikin dariyar na ga gefen hagu, daidai inda tsagen suka haɗu, ya ɗan ja sama, kaɗan, kamar motsin fatar doki in ƙuda ya sauka. Ba waya, ba auduga. Shi bai ji ba. Ya share ido ya ce,

"Ya motsa?"

Kullum yana tambaya, kullum ina da amsa. Ranar na ce bari mu sake, hasken ya yi ƙasa. Muka sake, ya kuma motsawa. Na tashi na ce zan ɗora ruwa.

Na tsuguna gaban murhu ina hura wutar da ta riga ta kama. Duk duniya ni kaɗai na gani. Madam in ta sa kuran ba ta bambance wane motsi ne na akwati wane ne nasa, shi kuma ya rantse ba zai dubi madubi ba. Da na yi shiru, da mun ƙara sati, watakila biyu, watakila har kaka. Ba zan ɓoye muku ba, na auna abin, na juya shi ta kowane gefe, har na tsara yadda zan ce ban tabbata ba. Sai na ɗaga kai na hango shi ta ƙofar baya, ya fita ya tsaya wurin da ya saba, yana duban gabas. Mutumin ya ba ni amanar fuskarsa don ba shi da wani ido sai nawa. Na bar ruwan a wuta na je na tsaya gefensa, kafaɗa da kafaɗa, yadda ban taɓa yi a waje ba.

"Ya motsa," na ce. "Sau biyu."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Sa'an nan ya ce,

"In Madam ta sallame mu gobe, muna samun motar kasuwa."

Da safe Madam ta ajiye alƙalaminta ta sa shi ya yaƙe baki, ta duƙa ta duba, ta ce bawanta ya ƴantu. Ta ja mana kunne a ci gaba da murza da kwaikwayo a gida har fuskar ta daidaita. Da za mu fita ta riƙe ni a bakin ƙofa ta dube ni.

"Ke kuma mi ya same ki? Miji ya warke kina kamar wadda anka yi wa sata."

Na ce murna ce. A tasha aka sa shi gaba da maza, ni a baya cikin mata da buhunan gishiri. Ƙeyarsa nake gani har Babankatami.

Washegari bayan azahar na ɗauko tabarma da man kaɗe na fito tsakar gida, don ɗakina ba haske. Tsohuwa na tsinkar yakuwa a inuwa, matan ƙannensa na daka, ku kuna wasa a ƙasa. Babanku ya shigo daga gona da hauya a kafaɗa. Ya ga tabarma, ya ga man, ya ga uwarsa ta ɗago kai. Dakan ya tsaya. Ya matso kusa yadda ba mai ji sai ni, idonsa a kan tabarmar.

"Naɗe," ya ce. "Nan ba Madawa ba ta."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ma ji kamar roƙona yake yi. Na naɗe. Ya karɓi man ya tafi da shi zaure, can ya riƙa murza wa kansa. Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Da ya zauna, da an yi shekara ana ba da labarinmu a bakin rijiya. Amma ku sani, shirun da kuka taso kuka tarar ina yi, wanda gwaggonku ta ce gajiyar jinya ce, daga ranar ya fara. Kafin Madawa ina kewar abin da na karanta ne kawai. Bayan Madawa na san ɗuminsa a tafin hannuna, ga shi kuma yana wucewa ta gabana safe da yamma.

Fuskar ta warke kafin a kai gero rumbu, sai wanda ya sani zai lura. Abu ɗaya ta bari. Jijiyar da ta farka ta ɓata hanya, in ji majo, shi ya sa duk lokacin da babanku ke tauna abinci sai idon hagu ya riƙa zubar da hawaye. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya, wai daɗin tuwo ke sa shi kuka. Ya jure shekara ɗaya, daga nan ya daina ci a zaure. Kun tuna ɗakina ake kai masa akushi, kuna cewa Baba ya fi son tuwon ɗaki. Yana shiga ya juya ya fuskanci bango, tsumma a gwiwa. Ni ina zaune a dokin ƙofa ina tsare masa ku da kaji. Haka muka yi shekaru masu yawa, taku biyu tsakaninmu, ina jin lokacin da yake ɗaga tsumman. Bai taɓa cewa in fita ba, bai kuma taɓa juyowa ba.

Ya rasu a gonar fadama, yana ban ruwan albasa, da rana tsaka. Maza suka ɗauko shi, maza suka yi masa wanka a zaure. Da aka aiko a kira ni in zo in yafe masa, na tarar an gama, an naɗe shi, an ɗaure kai da ƙafa. Liman na tsaye, ƙannensa na tsaye, kowa na jirana don rana na yi. Na durƙusa ta wajen kai. Hannuna ya kai har kan ƙullin likkafanin da ya rufe fuskar, na ji ƙanensa ya yi gyaran murya, na janye. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Suka ɗauka.